Daga Kallon Fim Zuwa Gadon Asibiti: Shekara Huɗu na Wata Budurwa da Fatarta

Wannan bayani ne a kan wata budurwa 'yar birnin Kano. Na haɗa shi daga bakinta, da bakin mahaifiyarta da babbar yayarta, da katin asibitinta da ta yarda na duba. An sakaya sunanta, da unguwarsu, da makarantarta, da asibitin da aka kwantar da ita, bisa sharaɗin da ta gindaya.

## Asalinta, kafin 2020

An haife ta a 2001, ita ce ta uku a cikin 'ya'ya 7. Mahaifinta yana da 'yar rumfar yadi a Kantin Kwari, mahaifiyarta tana ɗinki a gida. Ita ce ta ɗauko launin uban, baƙa ce siririya, yayyenta mata biyu kuwa wankan tarwaɗa ne kamar uwar. Tun tana rarrafe ake ce mata 'Yar Baƙa, sunan ya bi ta har islamiyya. Babu wanda ya ɗauki hakan zagi a gidan. A 2019, da ta sami gurbin karatu a wata kwalejin ilimi, an auna ta: tsawo mita 1.60, nauyi kilo 49, awon jini 110/70. Lafiyarta ƙalau.

Gidansu gidan kallo ne, kamar dubban gidajen Kano. Mahaifiyar ta tashi da finafinan Indiya, waɗanda Kwarori masu gidajen silima suka fara shigowa da su Arewa tun shekarun 1950. 'Ya'yan kuma sun tashi da finafinan Hausa, masana'antar da ta faro a Kano a 1990, ta sami sunan Kannywood a ƙarshen shekarun 1990, ta kuma ari abubuwa da yawa daga Indiya: rawa da waƙa, soyayyar mutum uku, da kamannin jaruma. A Indiya farar fata jari ce. Man Fair & Lovely ya shiga kasuwarsu a 1975, taurarin fim suka yi ta tallarsa shekara da shekaru, sai a 2020 aka canza masa suna zuwa Glow & Lovely bayan suka ta yi yawa. A finafinanmu akwai jarumai baƙaƙe da suka yi suna, amma mai kallo na kullum ya san wadda aka fi rera wa waƙa a lambu, ya kuma san wadda aka fi ba matsayin 'yar aiki ko 'yar ƙauye. Idan 'yar ƙauyen ta zo birni ta waye a labarin, hasken fatarta ne ke fara sanar da mai kallo.

Son farar mace ya girmi fim a ƙasar Hausa. Kakanninmu ne suka ce farar mace alkyabbar mata, samarin yanzu kuma suka ce fara ko mayya ce. Akwai kuma bambanci da ƙasashen Turawa, inda finafinai ke tura 'yan mata ga rama. A nan ana son mace fara, ana kuma son ta mai cika, da ƙugu da ƙirji. Ma'auni biyu ke nan, kuma a lissafin budurwar nan, da aka zo ga lissafi, ba ta cika ko ɗaya ba.

## Farkon abin: Afrilu zuwa Disamba 2020

A Afrilu 2020 aka kulle Kano saboda korona, makarantu suka zauna a rufe har Oktoba. A watannin nan ta ce takan kalli fim awa 6 zuwa 7 a rana a wayarta: finafinai masu dogon zango a YouTube, waɗanda suka bunƙasa a daidai lokacin, da finafinan Indiya masu fassarar Hausa. Daga fim sai ta wuce shafukan jaruman a Instagram da TikTok. A can jarumar da ta gani jiya tana kuka a ɗakin miji, yau tana riƙe da robar mai tana cewa shi ne sirrinta, ga lambar waya a ƙasa.

A watan Yuli ta fara wani abu da ba ta taɓa yi ba. Takan tsayar da fim a kan fuskar jaruma, ta ɗora bayan hannunta kusa da gilashin wayar tana gwadawa. Ta daina ɗaukar hoto sai da filta. Ba ta sayi komai ba tukuna.

A Disamba aka yi bikin 'yar gwaggonta, tana cikin ƙawayen amarya 8 masu anko. Mai hoto ya matsar da ita gefe, ya ce launinta yana cinye hasken. Da hotunan suka fito, gwaggon ta duba ta ce, a gaban jama'a kuma cikin raha, "Ke 'Yar Baƙa, ai sai an kunna fitila kafin a gan ki." Aka yi dariya, ita ma ta yi. Daren ta ce ba ta runtsa ba.

## Shafa da sha: 2021

A Janairu 2021 ta sayi sabulu da mai a hannun wata mai kayan gyaran jiki, irin wanda ake ce wa haɗi: robar da babu suna, babu rubutu, an zuba abubuwa da dama an gauraye. Daga baya, da aka ga ragowar tub-tub ɗin da mai haɗin ta ba ta don ƙari, an gane akwai kilobetasol, wanda yana cikin mafi ƙarfin magungunan sitiroyid na shafawa, likitoci kan rubuta shi na 'yan makonni don cututtukan fata masu taurin kai. Akwai kuma haidirokwinon, sinadarin da ke hana fata yin launinta. Hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna, ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a kayan kwalliya ba, amma a robar haɗi babu mai iya cewa nawa aka zuba. Irin waɗannan mayuka kan ƙunshi zaiba ma, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi.

Cikin mako 3 fuskarta ta yi haske. Cikin wata 3 duk wanda ya san ta ya lura. Abin da ya biyo baya shi ne yabo. A kwaleji aka ce hutu ya karɓe ta. Gwaggon nan ta ce, "Yanzu kika zama mace." Mahaifiyarta ta lura, ta yi faɗa sau ɗaya, ta yi shiru, domin a ranta, kamar yadda ta faɗa mini da kanta, ta ji daɗin yadda aka fara sallama da 'yarta. A watan Mayu wani saurayi ma'aikacin banki ya fito, ya ce yana son ta da aure, ya kuma ce mata sai dai ta ɗan rame da yawa.

A Yuni ta fara shan abin da ake kira sha-ka-fashe, daga wani kemis: deksametason da saifuroheftadin. Na biyun maganin ƙaiƙayi da mura ne mai buɗe ciki. Na farkon sitiroyid ne da ya ninka kotizol ɗin da jiki ke yi da kansa ƙarfi kusan sau 25. Yana tara kitse a fuska da wuya da ciki, yana cinye naman hannu da cinya. Ta fara da ƙwaya 2 a rana, ta koma 4. Zuwa Janairu 2022 nauyinta ya kai kilo 63. Cikar ba ta sauka inda take so ba. Fuska ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu suka ƙara sirancewa.

## Lalacewa, da abubuwan da aka gwada: 2022

Daga farkon 2022 fatar ta fara nuna gajiya. Nankarwa mai faɗi, ja-ja, ta fito a damtse da cinya da ƙirji. Ƙuraje suka cika goshi da haɓa. Makero ya kama ta a hammata da ƙugu, ya ƙi jin magani. Gaɓoɓin yatsu suka yi baƙi ƙirin a kan farin hannu, jijiyoyi suka fito kore-kore, ko ƙaramin bugu sai ya bar tabo. Al'adarta ta rikice. Barci ya ƙaurace mata. Ta ce takan yi awa 3 a rana a gaban madubi ko kyamarar waya. Korona ta lafa, kowa ya ajiye takunkumi, ita ta ci gaba da sa nata, ta ƙara da safar hannu ko a zafin Maris. A zangon karatu na biyu ta daina zuwa lacca.

Gidan bai zauna ya zuba ido ba. An gwada abu biyar a cikin shekarar.

Na farko a azumin 2022, cikin Afrilu. Mahaifin ya ƙwace wayar, ya tattara robobin man ya zuba a kwata, ya ce duk fim ne ya jawo. Bai san da ƙwayoyin ba, suna ɓoye a cikin akwatin keken ɗinki. Kwana 4 da daina shafawa fuskar ta kama zafi kamar an watsa mata barkono, ta kumbura, ta fara saɓa, sannan ta yi duhun da ya fi na asali. Haka fatar da ta saba da sitiroyid mai ƙarfi ke yi idan an yanke mata shi farat ɗaya. Kafin ƙaramar salla ta koma shafawa a ɓoye, da man da ƙawarta ke shigo mata da shi cikin hijabi. Labarin finafinan ma bai yanke ba, ƙannenta da ƙawayenta suna kallo, suna hirar wace jaruma ta ƙara haske.

Na biyu wa'azi. An kira wani malami ɗan uwansu, ya karanta mata aya ta 119 ta Suratun Nisa'i a kan canza halittar Allah, ya tsoratar da ita. Ta yi kuka, ta yi alkawari, ta kasa cikawa saboda zafin da fuskar ke yi idan ta bari. Daga nan ta ƙara wa kanta wani nauyin: ga muni, ga saɓo. Ta ce a lokacin ne ta fara jin kunyar tsayuwa salla.

Na uku ruƙiyya, da zaton sammu ko aljani, ganin yadda take kulle kanta a ɗaki tana kuka. Karatun yakan kwantar mata da hankali na kwana ɗaya ko biyu, kuma har yau tana cewa ta ji daɗinsa. Ƙwayoyin da man suna nan yadda suke.

Na huɗu canza mai. Wata mai gyaran amare ta ce man farko ne mara kyau, ta ba ta wanda ta kira na ganye zalla, ta haɗa mata da dilka da halawa. Gurzar dilka a kan fatar da ta riga ta yi laushi ya bar mata raunuka a damtse. Man na ganyen ya hana zafin fuska dawowa, alamar da likitar fata ta ce daga baya tana nuna shi ma da sitiroyid a ciki. A Oktoba ciwon kai ya kai ta kemis, aka auna jininta 150/95, aka ba ta maganin hawan jini. Ba a tambaye ta me take sha ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Na biyar aure. Dangi suka ce damuwar 'yan mata ce, a yi mata aure za ta warke. Aka matsa wa saurayin ya turo. Ya zo zance sau biyu a Nuwamba, ya gan ta ba takunkumi, bai sake dawowa ba.

## Faɗuwa: Fabrairu 2023

A farkon 2023 canjin takardun naira ya jawo ƙarancin kuɗi a hannu a duk ƙasar. Da 'yan kuɗin ɗinkin da take taya mahaifiyarta take sayen ƙwayoyin, masu ɗinki kuwa ba su da tsabar da za su biya. Ta yi kwana 5 ba ta sha ba, ga zazzaɓin cizon sauro ya kama ta. A rana ta shida ta yi ta amai, ta faɗi a tsakar gida.

A asibiti awon jininta 80/50 ne, sukarin jininta ya yi ƙasa. Likitan da ya karɓe ta ya dubi zagayayyar fuskar, da nankarwar, da fatar hannun, ya tambayi yayarta kai tsaye ko tana shan maganin ƙiba. Yayar ta koma gida ta bincika, ta dawo da fankon sacet cike da leda. Bayanin da aka yi wa iyayen shi ne, a kan kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta mai samar da kotizol, wanda ke riƙe awon jini da sukari, musamman lokacin ciwo. Idan mutum ya daɗe yana shan sitiroyid, sai su kwanta su daina aiki. Ranar da aka yanke maganin farat ɗaya, jiki ya rasa na waje, ya rasa na ciki, kuma hakan yana kisa. An yi mata allurar haidirokotizon da ƙarin ruwa, an yi maganin zazzaɓin, ta kwana 6.

A cikin watan ne, a wani taro a nan Kano, shugabar NAFDAC Farfesa Mojisola Adeyeye ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Adadin da aka yi ta ambata shi ne kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya, daga wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011. Tushen adadin wani bincike ne a kan 'yan kasuwa a Legas da aka wallafa a 2002, don haka bai kamata a ɗauke shi ƙidayar ƙasa baki ɗaya ba. Amma duk wanda ya zauna layin likitan fata a Kano ya san abin ba kaɗan ba ne.

## Jinya: Maris zuwa Nuwamba 2023

An sallame ta da sitiroyid na sha wanda likita ke rage mata a hankali, mataki-mataki, har wata 5, ana auna kotizol ɗinta na safe kafin a tsayar. Likitar fata ta dakatar da haɗin, ta sauko da ita kan mai mara ƙarfi na 'yan makonni, sannan man kaɗe da basilin, da man kariya daga rana, da maganin makero da na ƙuraje. Ta kuma faɗa mata gaskiya tun ranar farko: za ta yi baƙin da ya fi na da, na wasu watanni, nankarwar za ta dushe amma ba za ta ɓace ba, kuma duhun da ya kwanta a kan ƙasusuwan kuncinta, wanda daɗewa kan haidirokwinon ke kawowa, yana da wuyar magani. Budurwar ta ce wannan gargaɗin ne ya hana ta guduwa lokacin da duhun ya zo a Afrilu, domin ta san an ce zai zo.

Likitar ce kuma ta ba ta takardar tambayoyi 9 da ake auna ciwon damuwa da ita, mai maki daga 0 zuwa 27. Ta sami 19. A tambaya ta tara ta amsa cewa takan ji gara ta mutu. Aka rubuta mata takarda zuwa sashen ƙwaƙwalwa. Mahaifiyar ta ƙi, tana ambaton Dawanau, inda asibitin masu taɓin hankali na Kano yake. "Likita, 'yata ba ta Dawanau ba ce. Idan aka ji, wa zai aure ta, wa zai auri ƙannenta?" An ɗauki mako 3 kafin babbar yayar ta shawo kanta, da sharaɗin ita za ta riƙa raka ta kuma ba za a faɗa wa dangi ba. A Janairun shekarar ne aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, amma tsoron sunan bai san da sabuwar doka ba, kuma likitocin fannin a Najeriya ba su kai 300 ba.

Likitan ƙwaƙwalwa bai yi gaggawar yanke hukunci ba, domin sitiroyid kansa yana rikita barci da yanayin zuciya. Da ya bi tarihin, ya ga gwada hannu da gilashin waya da ƙin hoto sun fara tun 2020, lokacin da babu tabo ko ɗaya a jikinta. Ya rubuta ciwon damuwa, tare da cutar ganin muni a jiki, wadda ke sa mutum ya shafe sa'o'i kullum yana tunanin wani aibi da wasu ba sa gani ko suke ganinsa ƙarami. Tana kama kusan mutum 2 cikin 100, galibi tun ƙuruciya. An sa ta kan fuluwokzetin, aka ƙara adadin bayan mako 6, aka haɗa ta da mai ba da shawara don zama 14 na gyaran tunani da ɗabi'a.

Ayyukan zaman ƙanana ne, masu wuya. Ta riƙa rubuta mintocin madubi a littafi, ana rage su mako-mako. Ta koyi tsayawa nesa da madubin tsawon hannu, ta faɗi abin da ta gani daga goshi zuwa haɓa ba tare da kalmar kyau ko muni ba. Ta fita shagon bakin layi ba takunkumi, sannan kasuwa, sannan gidan suna, kowane karo ta rubuta abin da ta zaci za a ce da abin da aka ce. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu kuɗin adaidaita sahu ya ninka, zama 3 suka wuce ta, aka koma yin wasu ta waya.

Abu uku aka ƙara daga wajen asibiti. Mijin yayarta yana da aboki mai tace fim a Zoo Road, ya kai su ofishinsa ya nuna mata fitowa ɗaya sau biyu: yadda kyamara ta ɗauka, da yadda ta koma bayan an gyara launi a kwamfuta. Ta ga fitilun da ake haska fuska da su, ta ga kaurin hodar, ta ga ƙurji a goshin jaruma yana ɓacewa da danna maɓalli. Ta fito tana mamaki, amma ta faɗa wa mai ba ta shawara cewa sanin hakan bai hana ta jin abin da take ji ba idan ta shiga taron biki.

Na biyu, malamarta ta islamiyya ta zauna da ita, ta ɗauko maganar ta wata ƙofar. Ta karanta mata aya ta 22 ta Suratur Rum, inda Allah Ya lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyinSa. Ta ba ta labarin Ummu Aimana, Bahabashiyar da ta reni Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ta ce mata neman magani ibada ne. Ta koma salla a kan lokaci.

Na uku, kuma wanda ya fi wuyar shiryawa, zaman gida. Mai ba da shawara ta nemi iyayen da yayyen su zo. An yi yarjejeniya: an daina kiran ta 'Yar Baƙa, an daina maganar launin kowa a gidan, ko ta yabo ko ta tsiya, har da "kin yi haske" da ake yi wa mai jego da amarya. Mahaifin ya mayar mata da wayar, ita da kanta ta goge shafukan masu tallar mai. Ba a hana ta kallon fim ba. Mahaifiyar ce ta je ta sami gwaggon, ƙanwar mijinta, ta ce, "Gwaggonsu, don Allah bakinki a kan yarinyar nan." An yi wata 2 ba a ga maciji, sannan aka shirya.

A Agusta makin damuwarta ya sauko 11, a Nuwamba 7. Madubi ya koma minti 20 a rana.

## Komawa baya, da inda aka tsaya: Disamba 2023 zuwa Disamba 2024

A Disamba 2023, lokacin bukukuwa, aka sake sa ta cikin ƙawayen amarya. Ta sayi tub ɗaya, ta shafa kwana 16. Wannan karon ita ta kai kanta wurin likitar fata ta faɗa. An ƙara mata zama 4, an tsara yadda za ta tunkari biki: ta je da yayarta, ta tsaya a hoto inda ta ga dama, kada ta buɗe hotunan a daren.

Ta koma kwaleji a 2024, ta maimaita shekarar da ta rasa. A Disamba 2024 nauyinta kilo 54, awon jini 115/75 ba tare da magani ba, al'ada ta daidaita, makin damuwa 5, ana shirin fara rage mata fuluwokzetin. Launinta ya dawo na asali a yawancin jiki. Nankarwar tana nan, ta koma fari-fari. Duhun kunci ya ragu kaɗan. Tana kallon fim awa ɗaya ko biyu da dare, kuma har yanzu takan sa filta a wasu hotunan. A watan Oktoba ta tsinci sabulun haske a jakar ƙanwarta mai shekara 15, ta kai wa mahaifiyarsu.

## Hukunci

Mahaifin yana da gaskiya da ya ambaci fim, kuskurensa a maganin ne. Wata 8 na kallo sun dasa mata ma'aunin, amma ba ta sayi mai ba sai da mai hoto da gwaggo suka auna ta da shi, ba ta sha ƙwaya ba sai da saurayi ya yi magana, kuma yabon jama'a ne ya riƙe ta a kai shekara guda. An ga irin wannan a tsibirin Fiji, inda a al'ada ake son mace mai jiki. Talabijin ya isa yankin Nadroga a 1995. Anne Becker ta Jami'ar Harvard ta binciki 'yan matan sakandare a shekarar, babu ko ɗaya da ke janyo amai don rage ƙiba. A 1998 an sami kashi 11 cikin 100. Binciken da ta wallafa a 2011, a kan 'yan mata 523, ya nuna cewa kallon da ƙawayen yarinya ke yi yana da alaƙa da matsalar cin abincinta ko da ita babu talabijin a gidansu. Shi ya sa ƙwace waya ɗaya a gida mai waya shida, a unguwa mai kallo, bai taɓa tushen ba.

Gwaje-gwajen 2022 sun faɗi ne domin kowanne ya ɗauki abin a matsayin taurin kai ko lalacewar tarbiyya, alhali jikin ya riga ya kamu da sinadarin da ba a yanke shi farat ɗaya, zuciyar kuma ta kamu da cutar da tsoratarwa ke ƙara wa ƙarfi. Zubar da man ya jefa ta cikin azaba, da an gano ƙwayoyin an zubar a ranar, da faɗuwar Fabrairu ta zo tun Afrilu. Abin da ya fi ci mini rai a duk tarihin shi ne ranar Oktoba a kemis. Budurwa mai shekara 21, da zagayayyar fuska da jini 150/95, ta fita da maganin hawan jini ba tare da an tambaye ta abin da take sha ba, kuma a irin wannan shagon aka sayar mata da deksametason ba takardar likita wata 20.

Abin da ya yi aiki haɗuwa ce: likitar fata da ta faɗi gaskiya tun kafin duhu ya zo, magani da zaman shawara, malamar da ta buɗe mata ƙofar komawa ga Allah, da gidan da ya kame bakinsa. A ganina na ƙarshen ne ya hana koma-bayan Disamba zama faɗuwa ta biyu, domin ta iya faɗa ba tare da tsoron a tozarta ta ba. Ziyarar Zoo Road ta taimaka kaɗan.

Masu fim suna da nasu kason. Wasu daraktoci kan ce baƙar fata tana da wuyar haskawa da ƙananan fitilu, wannan kuwa matsalar kayan aiki da ƙwarewa ce, ana koyon ta, bai kamata a warware ta da zaɓen jaruma ba. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana duba sutura da rawa da kalamai, tana kuma hukunta jarumai kan abin da suka saka a shafukansu. Hukumar da ke da wannan ikon tana iya hana jarumin da ke da rajista da ita tallar man da ba shi da lambar NAFDAC, ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN kuma tana iya sa hakan cikin ƙa'idojin 'ya'yanta.